Asalin Kajin Tsantsar Iri da Tarihin Kiwonsu a Bayan Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji a ƙasar Hausa ya san ba a rantsuwa a kan launin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. Farar kaza ta kan kwanta a kan ƙwai goma, ta ƙyanƙyashe baƙi da ja da wake-wake, ba kuwa mai yin mamaki, domin an san zakarun unguwa duka suna biye da ita. Amma akwai waɗansu kaji waɗanda in an haɗa zakara da kaza daga cikinsu, 'ya'yan za su fito da kamannin iyayen sak, jikoki ma haka, ga girma ɗaya, ga launi ɗaya, ga zanko iri ɗaya. Su ne a ke nufi da kajin tsantsar iri a cikin wannan maƙala.

Kalmar iri a Hausa tana da fuska uku. Akwai irin da a ke shukawa, akwai iri watau nau'in abu, akwai kuma iri da ke nufin zuriya. Kiwon da za a ba da tarihinsa ya tattara ukun nan duka, gama mai yinsa ya kan ware waɗansu kaji ya ajiye kamar irin shuka, don su ba shi zuriya mai kama ɗaya.

Mutane da yawa suna zaton irin waɗannan kaji haka su ke tun fil azal, kowane iri da ƙasarsa. Tarihi bai nuna haka ba. Yawancinsu ba su cika shekara 200 ba, da yawansu kuwa daga cikin gauraye aka fitar da su, a Ingila da Amurka. Abin da ya mai da su tsantsa shi ne shinge da zaɓe da rubutu, masu aikin kuma galibinsu mutane ne masu 'yan kaji kaɗan a bayan gida.

Kaza kafin zuwan littafi

Asalin kazar gida wata jar tsuntsuwa ce ta jeji, wadda har yanzu tana nan cikin dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya. Binciken da aka buga cikin 2020, wanda aka yi bisa ƙwayoyin halittar tsuntsaye 863, ya nuna kakanninta na kusa su ne na yankin da ya haɗa kudu maso yammacin Sin da arewacin Tailan da Bama. Wani binciken na 2022 ya ce ƙasusuwan kajin gida mafi tsufa, waɗanda babu gardama a kansu, su ne na Ban Non Wat a Tailan, tsakanin shekara ta 1650 da ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa. Ga alama gonakin shinkafa da gero ne suka jawo ta kusa da mutane. Daga nan fatake da masu jiragen ruwa suka yi ta yawo da ita har ta game duniya.

Tun da daɗewa mutane sun lura kaji sun fi kaji. Columella, wani marubucin Rum na ƙarni na 1, ya yaba wa kaji masu yatsu biyar a cikin littafinsa na aikin gona. Amma lura daban, tsare iri daban. Har zuwa farkon ƙarni na 19 kazar talakan Ingila ba ta bambanta da ta ƙauyen Hausa ba wajen zama. Tana kwana inda ta samu, tana tono a bayan garke, sunan da a ke kiranta da shi ma, ma'anarsa kazar juji. Sha'aninta na matan gida ne, manomi ba ya lissafa ta cikin dukiyarsa. Akwai dai 'yan nau'o'i da aka sani da sunan garuruwansu, kamar Dorking mai yatsu biyar, wadda a ke kai wa kasuwar Landan saboda namanta.

Waɗanda suka fara tsare asalin kaji da gaske su ne masu wasan faɗan zakaru. Tun da ya ke kuɗi a ke zubawa a kan zakara, sai da ya zama an san ubansa da uwarsa, an kuma hana wani zakara kusantar kajin da a ke so su haifi jarumai. A wurinsu aka fara kafa shinge.

Bakewell da Sebright

Dabarar da aka bi daga baya, a kan tumaki da shanu aka fara gwada ta. Robert Bakewell, wani manomi na Dishley cikin lardin Leicester, wanda ya rayu daga 1725 zuwa 1795, ya raba mazan dabbobinsa da matan, ba ya barin barbara sai wadda ya zaɓa. Sa'an nan ya yi abin da mutanen zamaninsa su ke ƙyama, ya riƙa haɗa uba da 'ya, da ɗa da uwa, don siffar da ya ke so ta kafu. Da haka ya fitar da sabon irin tumaki masu saurin ƙiba. Bayansa aka shiga rubuta asali: littafin asalin dawakin sukuwa ya fara fitowa cikin 1791, na shanun Shorthorn kuwa cikin 1822.

Wanda ya kawo wannan dabara cikin akurki shi ne Sir John Sebright, wakili a Majalisar Dokokin Ingila. Cikin 1809 ya buga wani ɗan littafi a kan gyaran irin dabbobin gida, inda ya yarda da zaɓe, amma ya yi gargaɗi cewa yawan haɗin dangi na kusa ya kan raunana zuriya. Ya shafe shekaru yana gauraya 'yan ƙananan kaji iri iri, yana zubar da waɗanda ba su yi masa ba, har ya sami abin da ya ke nema: 'yar kaza wadda kowane gashi nata yana da baƙin layi kewaye da bakinsa, kamar an yi masa kalmasa, zakaran kuma gashinsa irin na kaza ne. Har yau da sunansa a ke kiranta. Ita ce shaida ta fari cewa mutum guda, da 'yan akurkai da haƙuri, yana iya fitar da irin da babu shi a da.

Zazzaɓin kaji

Abubuwa biyu suka haɗu wajen 1840 suka ta da ƙura. Na fari, dokar 1835 da ta 1849 sun hana faɗan zakaru a Ingila, masu son gasa suka shiga neman wani fage. Na biyu, yarjejeniyar Nanking ta 1842 ta buɗe wa jiragen Ingila tasoshi biyar na ƙasar Sin, har da Shanghai. Jiragen nan suka riƙa komowa da waɗansu kaji waɗanda Turawa ba su taɓa ganin irinsu ba, manya ƙwarai, masu sanyin hali, masu jan ƙwai, suna kuma saka shi har cikin hunturu.

An kai wa Sarauniya Biktoriya waɗansu daga cikin kajin Asiya na fari, ta sa aka ajiye su a gidan kajinta na Windsor, cikin 1843 kuwa jaridar Illustrated London News ta buga surarsu. Abin da sarauniya ta so, ai kowa sai ya so. Cikin 1845 aka yi nunin kaji a gidan namun dajin Landan, ba a daɗe ba na Birmingham ya biyo baya, ya zama na shekara-shekara. A Amurka an yi na fari a Boston cikin Nuwamba 1849, inda mutum 219 suka kawo tsuntsaye 1,423, 'yan kallo fiye da 10,000 suka hallara. Likitoci da limaman coci da 'yan kasuwa suka duƙufa kiwon kaji a bayan gidajensu, kuɗin zakara guda ya kai abin da lebura ba ya samu cikin watanni. Mutanen zamanin da kansu suka sa wa abin suna zazzaɓin kaji.

Sunayen da aka raɗa wa kajin a lokacin abin dubawa ne ga mai nazarin harshe, gama yawancinsu ba su faɗi gaskiyar asali ba. Kazar nan mai gashi har ƙafa da aka kira Cochin, daga Shanghai ta fito, alhali Cochin-China suna ne na kudancin Biyetnam. Brahma an yanko sunanta daga kogin Brahmaputra na Indiya, amma a Amurka aka daidaita ta, galibi daga kajin Shanghai. Suna mai nisa ya fi tsada a kasuwa, shi ke nan. George Burnham na Boston, wanda ya aika wa Sarauniya Biktoriya kaji 9 cikin 1852 don sunan hajarsa ya ɗaukaka, shi ne kuma cikin 1855, bayan kasuwar ta faɗi, ya buga littafi yana ba da labarin zazzaɓin, yana yi wa masu saye dariya. Mutane da yawa sun yi hasara. Amma da ƙura ta lafa, sai aka ga ta bar abubuwa biyu: sabon jini daga Asiya, da jama'a masu ɗaukar kaza abin a zauna a yi nazari.

Littafin ma'auni

Nuni ba ya yiwuwa sai da alƙali, alƙali kuwa ba ya hukunci sai da doka. A shekarun fari kowane alƙali da son ransa ya ke aiki, kazar da ta ci a wannan gari sai ta faɗi a wancan, gardama ta yi yawa. Saboda haka cikin 1865 wata ƙungiyar masu kiwo a Ingila ta buga littafin farko na siffofin kaji, mai suna Standard of Excellence, William Tegetmeier ne ya shirya shi. A Amurka aka kafa ƙungiyar American Poultry Association a garin Buffalo cikin 1873, ta fitar da nata littafin cikin 1874. Ƙungiyar Poultry Club ta Ingila, wadda ke nan har yanzu, cikin 1877 aka kafa ta.

Littafin ya kan ɗauki kowane iri ya bi shi daga baki har wutsiya: nauyin zakara da na kaza, yawan tsinin zanko, launin ido da na ƙafa, tsawon leɓe, yadda baya ya kamata ya kwanta. A na Amurka an raba maki 100 a kan gaɓoɓin nan, an kuma jera aibobin da ke fitar da kaza daga gasa gaba ɗaya. A nan akwai bambanci da sha'anin dawaki da shanu. Su asalin kowace dabba a ke rubutawa, kaji kuwa sun yi yawa, ransu kuma gajere ne, don haka siffa aka rubuta. Kazar da ta dace da littafi, ta kuma haifi masu dacewa da shi, ita ce tsantsa. Abin ya yi kama da yadda a ke daidaita harshe: kare-kare suna nan tun da, sa'an nan a zauna a zaɓi ɗaya a rubuta ƙa'idarsa, daga ran nan sauran su zama kauce wa ƙa'ida.

Iri uku da yadda aka haɗa su

Misali uku sun isa su nuna cewa tsantsa daga gauraye ta ke fitowa.

Plymouth Rock, mai zane-zanen baƙi da fari, an fara nuna ta a Worcester ta jihar Massachusetts cikin 1869. An same ta ne daga zakaran Dominique, wani tsohon irin Amurka, da baƙaƙen kaji masu jinin Asiya. Cikin 1874 ta shiga littafi, ta kuwa daɗe tana cikin kajin da manoman Amurka suka fi kiwo.

Rhode Island Red manoman Little Compton ne suka fitar da ita, a bakin teku, inda jirage ke sauke kajin ƙasashe. Ba don nuni suka yi ba, ƙwai da nama su ke so. Suka yi ta sa jajayen zakaru masu jinin Malay da na Shanghai cikin kajinsu, daga baya aka ƙara da Leghorn, wadda sunanta shi ne yadda Ingilishi ke kiran tashar Livorno ta Italiya. Sai cikin 1904 aka karɓe ta cikin littafi. Cikin 1925 aka kafa mata dutsen tunawa a ƙauyen Adamsville, cikin 1954 kuma jihar ta ɗauke ta ta zama tsuntsuwar tambarinta.

Orpington kuwa aikin mutum guda ne, William Cook, wanda da fari matuƙin keken doki ne a lardin Kent. Ya haɗa Minorca da baƙar Plymouth Rock, ya kawo Langshan ya ɗora, cikin 1886 ya fito da baƙar kaza mai nama da ƙwai, ya sa mata sunan garin da ya ke zaune. Mai launin ƙasa-ƙasa ta biyo cikin 1894. Labarinta yana da darasi, domin masu nuni sun yi ta zaɓen mai yawan gashi har ƙwanta ya ragu. Waɗanda aka kai Ostareliya kuwa ƙwai aka bi wajen zaɓensu, suka zama wani iri dabam mai suna Australorp, wanda ya yi suna a gasar saka ƙwai bayan 1920. Tushe ɗaya, zaɓe biyu, iri biyu.

Yadda mai ƙaramin garke ya kan fara

A ƙarshen ƙarni na 19 hanya uku ce ga mai son farawa. Mai ƙaramin ƙarfi ya kan sayi ƙwai goma sha biyu ko sha uku daga wurin sanannen mai kiwo, a aiko masa ta jirgin ƙasa, ya sa wa kazarsa ta gida ta kwanta kwana 21. Mai hali ya kan sayi zakara ɗaya da kaji biyu waɗanda suka riga suka girma, ya ga abin da ya saya da idonsa. Hanya ta uku ta zo ne bayan akwatin ƙyanƙyasa ya kyautatu, kamar wanda Charles Hearson ya yi a Ingila cikin 1881. Da ya ke ɗan tsako yana shanye sauran gwaiduwa kafin ya fito, ya kan jure wajen kwana uku ba ci ba sha. Joseph Wilson na New Jersey ya fara aika 'yan tsaki ta jirgin ƙasa cikin 1892, gidan wayar Amurka kuma ya fara karɓarsu cikin 1918.

Sayen kaji shi ne mai sauƙi, riƙe irin shi ne aiki. Ƙa'ida ta fari ita ce shinge. Kaza ta kan riƙe ruwan zakara a jikinta har mako biyu ko uku, saboda haka wadda ta yi yawo sai an tsare ta wajen wata guda tukuna a amince da ƙwanta. A kan ba zakara ɗaya kaji takwas zuwa goma sha biyu, gwargwadon nauyin irin. Ta biyu ita ce shaida: a kan rubuta lambar akurki a jikin ƙwai, in ɗan tsako ya fito a huda fatar da ke tsakanin yatsunsa, don a san iyayensa. Ta uku ita ce fitarwa, wadda ta fi kowace wuya ga mai son kajinsa. A ƙyanƙyashe da yawa, a ajiye kaɗan, sauran su tafi tukunya ko kasuwa. A nan dai sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Babbar matsalar ƙaramin garke ita ce wadda Sebright ya faɗa. In an kawo baƙon zakara kowace shekara, siffa ta watse. In kuwa an tsaya ga dangi kurum, ƙwai ya fara ƙin ƙyanƙyasa, 'yan tsaki su riƙa fitowa raunana. Wani mai kiwo na Massachusetts, I. K. Felch, ya zana taswirar da ta shahara: a fara da zakara ɗaya da kaza ɗaya, a mai da 'ya'ya mata ga uban, ɗa namiji ga uwar, a sami gida biyu, na uba da na uwa, sa'an nan a riƙa haɗa su a kan tsari. Waɗansu kuma akurki uku su ke yi, 'ya'ya mata su zauna gidan uwarsu, zakaru su riƙa matsawa akurki na gaba. Da wannan mutum ya kan yi shekaru da yawa bai nemi jini a waje ba.

Masana sun shiga akurki

Abin da masu kiwo suka tara, masana sun amfana da shi. Charles Darwin ya yi ta tambayar Tegetmeier, shi da kansa kuma ya haɗa baƙin zakaran Spanish da farar kazar Silkie, ya ga jan gashi ya ɓullo a jikin ɗansu, irin na kazar jeji. Cikin littafinsa na 1868 ya ce dukan kajin gida daga jar kazar jeji su ke. Bincike na 2008 ya yi masa ɗan gyara, gama an gano launin rawaya na fata da ƙafa daga wata kazar jeji mai launin toka ta Indiya ya shigo. Ashe gaurayen ya riga kiwon Turawa da nisa.

Cikin 1900 aka farfaɗo da ƙa'idodin gado na Mendel, waɗanda ya samo daga wake. Cikin 1902 William Bateson na Cambridge ya nuna suna aiki a kan dabbobi ma, da zankon kaji ya kafa hujja. Shi da Reginald Punnett suka warware wata damuwa da ta daɗe tana cin masu kiwon Andalusian, kaza mai launin shuɗi-shuɗi. Kome tsananin zaɓe, in an haɗa shuɗi da shuɗi, cikin 'yan tsaki 100 wajen 50 ne ke fitowa shuɗi, 25 baƙaƙe, 25 farare masu ɗigo. Masu kiwo suna ta yanka baƙaƙen da fararen, suna cewa ɓatattu ne. Ashe shuɗin nan shi ne ruwa-biyu, waɗanda a ke yankawa su ne masu haifar kamarsu, in kuwa an haɗa baƙi da farin, 'ya'yan duka shuɗi za su fito. Littafi ya kira abu tsantsa, gado bai yarda ba.

Wani darasin daga tashar gwajin aikin gona ta jihar Maine ya fito. Tun daga 1898 aka yi amfani da akwatin saka mai tarko, wanda ke rufe kaza in ta shiga, don a rubuta ƙwan kowace. Aka yi ta ajiye masu yawan ƙwai kusan shekara goma, amma ƙwan garken bai ƙaru ba. Raymond Pearl ya bi lissafin, aka fahimta ba a sanin darajar kaza ko zakara wajen iri sai an ga abin da 'ya'yansu mata suka yi. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mai kiwon kaji sai ya ga gudun ɗan tukuna.

Zamanin kamfani

Ilmin nan da aka samo daga akurkin bayan gida shi ne ya komo ya ture ta. Cikin 1923 wata mace a Delaware, Cecile Steele, ta aika a kawo mata 'yan tsaki 50, aka yi kuskure aka kawo 500, ta yi kiwonsu ta sayar don nama. Daga nan kiwon kajin nama ya zama sana'a mai zaman kanta. Cikin 1948 kamfanin kantunan A&P ya ɗauki nauyin gasar neman kazar gobe. Charles Vantress na Kalifoniya ya ci da ruwa-biyu, haɗin Cornish da New Hampshire, ya kuma sake ci cikin 1951. An tabbata ɗan da aka samu daga tsantsa biyu ya fi iyayensa saurin girma da ƙarfi. Ga kamfani akwai wata riba kuma: ruwa-biyu ba ya haifar kamarsa, saboda haka tilas manomi ya komo saye kowane zubi, iyayen kuwa suna kulle a hannun kamfani.

Gwajin da aka buga daga Jami'ar Alberta cikin 2014 ya nuna nisan tafiyar. An ba kaji abinci ɗaya har kwana 56. Irin 1957 ya kai giram 905, na 1978 giram 1,808, na 2005 giram 4,202. Tsofaffin iri ba su iya wannan tsere ba, manoma suka sake su, waɗansu suka ƙare ƙaf. Waɗanda suka tsira, a hannun masu nuni da masu 'yan kaji a bayan gida suka tsira. Don taimakonsu aka kafa Rare Poultry Society a Ingila cikin 1969, da Rare Breeds Survival Trust cikin 1973, da takwararsu ta Amurka cikin 1977, wadda yanzu a ke kira Livestock Conservancy.

Inda labarin ya taɓa Nijeriya

Kajin nan sun iso Nijeriya ta hannun ma'aikatan gona na zamanin Turawa, shi ya sa Bahaushe ya kira su kajin Turawa ko kajin gidan gona. An yi shirin musayar zakaru, mutumin ƙauye ya kawo nasa a ba shi Rhode Island Red ko makamancinsa. Shirin bai yi ƙarko ba, dalili kuwa yana cikin abin da ya gabata. Babu shinge, zakarun maƙwabta suna nan, jinin baƙon ya kan koma rabi, sa'an nan rubu'i, sa'an nan sumuni, har ya ɓace. Baƙon kuma bai saba da tono ba, bai san shirwa ba, ga annobar Newcastle da ke share kaji da hunturu. Inda aka cika sharuɗɗa kuwa an ga amfani. A cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, an yi shekaru ana zaɓe cikin gida biyu na kajin Rhode Island, aka fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown cikin 2000.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna tsantsar iri aiki ne da a ke yi kullum, ranar da aka bar shi kuwa ya warware. Bakewell ya kawo shinge da zaɓe, ƙungiyoyin 1865 da 1873 suka kawo rubutu, masu ƙananan garke suka ɗauki nauyin maimaitawa shekara bayan shekara.

Hausa tana da sunayen kajinta, kamar durgu mai gajerun ƙafafu, da shazumama mai birkitaccen gashi. Sunayen nan siffa su ke faɗi, ba su faɗi zuriya ba, watau suna nan a matakin da kajin Ingila su ke kafin 1840. Kajin da ke ɗauke da su suna da abin da ba a saye a kamfani: jure zafi, da neman abinci da kansu, da kwanci, da tsaron 'ya'ya, halin da aka zaɓe aka fitar daga jikin kajin ƙwai na zamani. Kullum kuwa jinin kajin kamfani yana ƙara shiga ƙauyuka. William Cook bai fara da abin da ya fi nasu ba. Abin da ya yi shi ne ya kafa shinge, ya zaɓa, ya rubuta abin da ya gani.